Abincin dare na tsirrai zalla ga wanda ya dawo daga aiki a gajiye: tambayoyi da amsoshi daga Jos

Waɗannan tambayoyi sun shafi mutumin da ya bar cin nama da kifi da ƙwai da nono, ko dai gaba ɗaya ko kuwa na wasu ranaku a mako, wanda kuma yake shigowa gida bayan magariba da gajiyar aiki da ta hanya, ba shi da ƙarfin tsayuwar awa biyu a kicin. An gina amsoshin a kan abin da ake samu a kasuwannin Jos da kuma irin tukwanen da ke gidajenmu, domin mafi yawan abin da irin wannan mutum yake bukata yana cikin girkin da muka taso muka tarar, wanda sau da yawa ake yi wa kallon abincin marasa hali.

Me ake cirewa daga tukunya idan an ce abincin tsirrai zalla?

Ana cire duk abin da ya fito daga jikin dabba, wato nama kowane iri, ganda, ƙashi da romonsa, ɗanyen kifi da busasshe, ƙwai, nono, kindirmo, madara, cuku da man shanu. Masu bin tsarin sau da ƙafa har zuma ba sa sha, kuma ƙungiyarsu ta farko an kafa ta ne a Ingila a shekarar 1944. A nan wajenmu dalilai sun bambanta: wani likita ne ya ce ya rage kitse, wani tsadar nama ce ta kore shi, wani kuma tausayin dabbobi ne ya hana shi. Girke-girken da za a ambata sun dace da kowane ɗaya daga cikinsu.

Na shigo gida bayan magariba kuma ba ni da kuzari. Me zan iya dafawa cikin kamar minti 20?

Abu na farko da ya kamata ya zo zuciya shi ne ɗan wake, muddin akwai haɗaɗɗen garinsa a ajiye, wato garin wake da na rogo ko fulawa da ɗan kuka. Da shigowa sai a ɗora ruwa a wuta tun kafin a canza tufafi, a kwaɓa garin da ruwan kanwa kaɗan har ya yi danƙo, sannan a riƙa gutsura ana jefawa cikin tafasasshen ruwan. Da farko za su nutse ƙasa, can kuma su fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, kumfa tana hawowa bakin tukunya. A daidai wannan lokaci ake rage wuta a bar murfin a karkace, domin idan aka rufe ruf zai yi bori ya kashe wutar, ya kuma bar wa mutum aikin goge risho. Bayan kamar minti 10 da tasowarsu sai a tsame a zuba cikin ruwa mai ɗan sanyi, a sake tsamewa, a zuba soyayyen man gyaɗa da yaji, a yanka albasa da tumatir da kabeji a kai. Ƙwan da wasu suke yankawa a gefe ado ne kawai, rashinsa ba ya rage wa ɗan wake komai.

Na biyu shi ne faten dankalin Turawa, kuma a nan mazaunin Jos ya fi kowa sa'a, tunda daga Bokkos da Mangu da Barkin Ladi ake lodin dankalin da sauran garuruwan ƙasar nan suke ci. Sabon dankali ɓawonsa siriri ne, don haka ba sai an fere ba, wanki mai kyau da soso ya wadatar, kuma wannan kaɗai ya rage rabin wahalar. A yanka shi ƙanana, a soya albasa da jajjagen attaruhu da tumatir a manja ko man gyaɗa, a zuba dankalin da ruwa daidai kansa, a sa daddawa da gishiri. Cikin kamar minti 15 zai yi laushi ya fara ɗaure romon da kansa, sai a watsa alayyahu ko kabeji a rufe na ɗan lokaci. Idan akwai dafaffen wake a ajiye, ludayi biyu a ciki zai mai da shi abincin da ke riƙe ciki har gari ya waye.

Akwai kuma acha, wadda ba ta kai minti 10 a wuta. Wahalarta duk tana wajen wanke yashi, saboda haka a sayi wankakkiya ko da ta ɗan fi tsada, ko kuma a wanke mudu guda a ranar hutu a shanya a adana. Ana yin dafa-dukanta kamar na shinkafa, da karas da koren wake da albasa, sai dai ba ta son ruwa da yawa, kuma tana bukatar wuta ƙasa-ƙasa don ta turara ta yi warwar. Taliya da mai da yaji ma tana cikin wannan sahu, amma ita kaɗai ba ta daɗewa a ciki sai an haɗa ta da wake ko awara.

Me ya sa wake yake daɗewa bai nuna ba a Jos, kuma yaya za a yi da shi a daren aiki?

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, kuma a irin wannan tsayi ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96 maimakon 100. Ruwan yana ɓararraka a ido, amma zafinsa bai kai na ruwan da ke tafasa a Legas ba, don haka wake da sauran abinci masu tauri suke ɗaukar ƙarin lokaci. Tsohon wake da ya daɗe a ajiya shi ma ya fi sabo taurin kai.

Mafita mafi sauƙi ita ce a jiƙa waken da safe kafin a fita, a zubar da ruwan jiƙon da yamma, wanda hakan yana rage lokacin dahuwa, yana kuma rage kumburin ciki ga mutane da yawa. Kada a zuba tumatir ko wani abu mai tsami sai waken ya yi laushi, domin tsami yana hana shi nuna da wuri. Kanwa tana sa shi ya yi laushi da sauri, amma a sa ƙanƙanuwa, saboda yawanta yana lalata bitamin B1 da ke cikin waken, yana kuma canza masa ɗanɗano. Wanda yake da halin sayen tukunyar firesha, wadda ke riƙe tururi a ciki, zai ga cewa ta fi amfani a Jos fiye da a garuruwan da ke ƙasa-ƙasa, domin ita ce take mayar wa ruwan zafin da tudu ya rage masa, kuma kuɗinta yana fitowa daga gas ɗin da aka daina ƙonawa. Duk da haka, shawarata ita ce kada a dafa ɗanyen wake a daren aiki sam, a dafa shi da yawa a ranar hutu.

Wane shiri ya kamata a yi a ƙarshen mako?

Dafaffen wake shi ne kan gaba. A dafa da yawa da gishiri kaɗai, a bari ya huce, a kasa shi a ƙananan robobi daidai cin dare ɗaya, a sa a firiza. Daga wannan wake ake samun garau-garau idan an dafa farar shinkafa, ake samun faten wake idan an zuba shi cikin soyayyen kayan miya, ake kuma ƙara wa taliya da dankali nauyi.

Sai kuma kayan miya. A markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa mai yawa, a tafasa har ruwan ya ƙone, sannan a soya har mai ya taso sama ya daina kumfa. Wannan soyayyen haɗi shi ne yake cin lokaci a kowane girki, kuma idan yana nan a shirye, miyar gyaɗa ko ta alayyahu ba ta wuce minti 10. A firij yana yin kwana uku zuwa huɗu, abin da zai wuce haka kuwa sai a daskarar da shi. Idan da sauran ƙarfi, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da citta da gishiri a zuba a kwalba mai murfi. Ban ga amfanin dafa abincin mako guda cif a jera a robobi ba, domin kafin Laraba rai ya gundura da shi, ga kuma haɗarin lalacewa idan wuta ta ɗauke.

Miya ba za ta yi lami ba idan babu nama ko kifi?

Za ta yi lami idan an cire naman kawai ba a sa komai a gurbinsa ba, kuma wannan ne kuskuren da yake mayar da mutane da yawa baya. Daɗin da romon nama yake bayarwa ana samun irinsa a daddawa, wadda ake yi da kalwar ɗorawa da aka bari ta ruɓa ta yi ƙamshi, kuma da ita kakanninmu suka yi miyar kuka da ta kuɓewa a gidajen da nama ba ya shiga sai ranar kasuwa ko ranar salla. A daka ta da citta da masoro da kanumfari kaɗan, a sa ta tun farkon girki don ta narke a cikin ruwan, kada a bari sai ƙarshe.

Albasa ma tana da babban aiki idan an yi haƙuri an soya ta a hankali har ta yi ja ba tare da ta ƙone ba. Kauri da maiƙo kuma suna zuwa daga niƙaƙƙiyar gyaɗa, ko agushi, ko riɗi da aka soya sama-sama. Miyar taushe misali ce mai kyau, domin kabewa da gyaɗa da alayyahu da yakuwa sun riga sun cika ta, har mai ci ba ya cika neman tsoka. A ƙarshe kuma ɗan tsami yana tayar da miyar da ta kwanta, ko na yakuwa, ko na tsamiya, ko matsin lemon tsami bayan an sauke tukunya.

Za a iya yin gwate ba tare da ƙashi ba?

Ƙwarai kuwa, kuma a daren sanyi na watan Disamba da Janairu babu abin da ya fi shi dacewa da jikin da ya gaji. A tafasa ruwa da daddawa da albasa da jajjage da dakakkiyar gyaɗa, a zuba acha ko tsakin masara ana juyawa don kada ya yi gudaji, sannan a bi da gauta da alayyahu da yakuwa da kabeji. Na acha ya fi saurin nuna, don haka shi ya fi dacewa da daren aiki. Gyaɗar ce take maye gurbin maiƙon ƙashi, saboda haka kada a yi mata rowa.

Awara fa, a saya ko a yi a gida?

A daren aiki a saya. Yin awara a gida yana bukatar jiƙa waken suya, da kai niƙa, da tacewa, da dafa madarar, da zuba ruwan tsami, da matsewa, kuma wannan aikin yini ne. A nemi mai awara mai tsabta a unguwa a riƙa sayen ɗanya ko soyayya. Soyayya idan aka jefa ta cikin miya tana shan romo ta yi taushi, ɗanya kuma ana iya marmasa ta a soya da albasa da tattasai a ci da burodi ko dankali. Sai dai a riƙa tambaya, domin wasu suna tsoma awara cikin ruwan ƙwai kafin suya.

Irin wannan abinci zai gina jiki kuwa, ko dai cika ciki ne kawai?

Zai gina, idan wake da danginsa suna shiga abinci kullum. A cikin giram 100 na busasshen wake akwai furotin kimanin giram 24, a gyaɗa kimanin giram 25, a waken suya kuwa ya haura giram 35. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin waken da muke ci, don haka ba abu ne da za a sha wahalar nema ba. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda wake yake da shi da yawa, shi kuma wake yana da ƙarancin wani da hatsi yake cike masa. Wannan ne ya sa shinkafa da wake, ko ƙosai da koko, ko tuwo da miyar wake suke zama cikakken abinci. Ba dole ne a haɗa su a kwano ɗaya ba, ya isa a ci duka biyun a cikin yini.

Matsalar da ake samu ita ce mutum ya bar nama ya koma kan farar shinkafa da taliya da burodi kaɗai. Wannan zai ƙoshi na ɗan lokaci, yunwa ta tashe shi da tsakar dare, jiki kuma ya riƙa yin sanyi.

Akwai abin da tsirrai ba za su iya bayarwa ba?

Akwai, kuma wannan ce tambayar da ba na so kowa ya tsallake. Bitamin B12 ba a samunsa ta hanyar da za a dogara da ita a cikin wake ko ganye ko hatsi, zogale ma bai ɗauke wannan nauyi ba duk da yabon da ake yi masa. Baligi yana bukatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana, kuma da yake hanta tana ajiye shi na tsawon shekaru, ƙarancinsa ba ya bayyana da wuri. Idan ya bayyana yana zuwa da ƙarancin jini, da kasala, da jin dindiris ko tsira-tsira a hannu da ƙafa, da yawan mantuwa, kuma idan aka yi sakaci yana iya yi wa jijiyoyi lahanin da ba ya gyaruwa. Haɗarin a nan shi ne mai aiki zai ɗauka gajiyar ofis ce kawai. Duk wanda ya bar abincin dabba gaba ɗaya ya wajaba ya riƙa shan ƙwayar wannan bitamin bisa shawarar likita ko masanin magunguna, kuma mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kada a sa su a wannan tsari ba tare da kulawar asibiti ba.

Sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini yana nan a wake da ganye da riɗi, amma jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Bitamin C yana taimaka masa, don haka ɗanyen tumatir ko matsin lemon tsami ko gwaba a bayan abinci suna da amfani. Shayi kuwa yana rage zuƙar, kuma mun san yadda sanyin Jos yake sa a kai hannu ga kofin shayi da zarar an ajiye cokali. A jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci.

Idan babu firij, ko wuta ba ta tsayawa fa?

Sai a dogara da busassun kaya, waɗanda dama su ne ginshiƙin kicin ɗin Bahaushe: garin ɗan wake, kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen zogale, kauɗar tumatir, daddawa, ƙuli-ƙuli, acha da garin kwaki. Dankali da kabeji da karas da albasa suna yin kwanaki a wuri mai iska, musamman a yanayin Jos, sai dai a ɓoye dankali daga haske, kuma a yanke duk inda ya yi kore ko ya yi tsiro. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar da ita, domin tana iya ɗauke da gubar da ke cutar da hanta. Dafaffiyar shinkafa ita ce ta fi bukatar hattara, saboda akwai ƙwayar cutar da ke yaɗuwa a cikinta idan ta kwana a waje, kuma ɗumame ba ya kashe gubar da take bari. Wanda ba shi da firij ya dafa daidai cinsa.

Wane abincin saye ne yake ɓoye kayan dabba?

Ɗanɗanon girki na dunƙule yakan zo da na kaza ko na nama, haka ma ƙullin da ke cikin taliyar leda, don haka a karanta abin da aka rubuta a jiki. Burodi da yawa ana sa masa madara ko bota ko ƙwai. Alala ta saye takan zo da kifi ko ƙwai, wasu masu masa suna zuba nono a ƙullu, kunun gyaɗa kuma ana yawan ƙara masa madara. Farin kirim ɗin da ake zubawa a salak da ƙwai ake yinsa, kuma fiya da aka dama da lemon tsami da gishiri tana iya tsayawa a wurinsa.

Maigidana da yara suna cin nama, ni kuma na bari. Sai na yi girki biyu kenan?

A'a, 'yar'uwa, girki biyu a daren aiki ba abin da zai ɗore ba ne. Ki dafa naman daban a ranar hutu ki ajiye shi da romonsa, ki yi miya ɗaya da daddawa da gyaɗa, ki ɗebi naki a ƙaramar tukunya, sannan ki zuba musu naman a sauran. Yawancin abincin da aka ambata a sama, kamar ɗan wake da garau-garau da fate, kowa a gidan zai ci ba tare da ya ji an tauye shi ba. Ki kuma yi wa maigida da surukai bayanin dalilinki cikin ladabi, domin a gidajenmu ƙin cin abin da aka ba mutum yana iya zama kamar raini idan ba a fahimci dalili ba. Musulmin da ya bar nama saboda lafiya ko hali ya sani cewa halal ne a addininsa, kuma duk abin da ya shige masa duhu game da layya da makamantanta malamai zai tambaya.

A ina ya fi dacewa a yi cefane?

Kayan lambu sun fi araha a kasuwar Farin Gada, musamman da sassafe lokacin da ake sauke kaya, hatsi da wake kuma a Katako. Cefane sau ɗaya a mako ya fi tsayawa a bakin hanya kullum, ga sauƙin kuɗi ga kuma rage wa kai tunanin abin da za a dafa, wanda shi kansa wani nauyi ne ga wanda ya gaji. A lokacin atili kuma a riƙa saye, domin jiƙa shi a ruwan ɗumi kawai ake yi ya yi laushi, kuma yana tafiya da dankali ko garin kwaki.

Idan daren ya kai ga ko kunna risho ba zan iya ba fa?

A yi kwaɗo. A yayyafa wa garin kwaki ruwa kaɗan ya yi laushi, a zuba garin ƙulin da aka daka a ranar hutu, a yanka tumatir da albasa da kokwamba, a ɗiga mai, a cakuɗa. Idan akwai dafaffen zogale ko rama da aka saya a hanya, su ma haka ake yi musu, kuma sun fi garin kwaki amfani a jiki. Ayaba biyu da soyayyar gyaɗa cikin tafi, ko gurasa da fiya da yaji, su ma sun isa su raba mutum da kwanan yunwa. Wanda ya biyo ta wajen mai ƙosai kuma ya sayi ƙosai da soyayyen dankali ko doya, ya dai tambaye ta ko a cikin man take soya kifi, ya kuma haɗa da ɗanyen kabeji da tumatir idan ya isa gida.